Tambaya da Amsa: Kayan Zaure, Jiya da Yau

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk a kan zaure suke, yawancinsu daga cikin garin Tawa na ƙasar Nijar. Waɗanda suka yi kama da juna mun haɗe su wuri ɗaya, dogayen kuma mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji gidan mahaifinmu. Zauren na ƙasa ne, ba komai a ciki sai dakali da wani ɗan rami a jikin bango. Abokaina na cewa in zuba kujerun kushin da talabijin ya zama salo, wato falo. Shin mutanen da haka suke barin zaure fayau, ko kayan ne suka ɓace? Daga wani matashi, unguwar Bilbis.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifi. Kayan ba su ɓace ba, Malam, dama can ba su da yawa, kuma da gangan aka yi haka. Zaure ɗaki ɗaya ne mai aiki goma. Da asuba yara na karatun allo a cikinsa, da hantsi maigida na dukanci ko ɗinki ko saƙa, da almuru maƙwabta su fito da akusan tuwo a ci tare, da dare kuma baƙon da ya sauka ko samarin gidan su kwana. Ranar suna ko ɗaurin aure ko zaman makoki sai ya cika har waje. Ɗakin da ke sauya aiki sau huɗu a yini ba ya son kayan da mutum ɗaya ba zai iya ɗagawa ba. Shi ya sa kayan zauren da iri biyu ne kawai: na jikin gini, da waɗanda ake naɗewa a jingine.

Na jikin gini su ne dakali, ciki da waje, da ramin nan da ka gani. Sunansa alkuki, mazaunin fitilar aci-balbal ne. In ka kankare shafen da ke samansa kaɗan, da wuya ka rasa baƙin hayaƙi a ƙarƙashi. Sai sanduna biyu ko uku da ake kafawa a bango tun ginin yana ɗanye, a rataya gafaka da malafa da linzami. Na naɗewa kuwa akwai tabarmar kaba, da buzun maigida wanda ba mai hawansa sai shi, da darduma da ake fitowa da ita don babban baƙo, da matasan fata irin na Abzinawa, da asabari a bakin ƙofa. A kusurwa randa da moda da buta. Ke nan.

Batun kushin, mu dai ba mu goyi baya ba, kuma ga lissafinsa. A ce zaurenka mita 3 ne a kan mita 4. Kujerar kushin na cin kusan santimita 90 daga bango. Ka jera ta gefe biyu, abin da ya rage a tsakiya mita 1 da santimita 20, kafin a sa tebur da ƙafafun masu zama. To ta nan ne mai garuwa zai wuce, da buhun hatsi, da ragon layya, kuma wata rana ta nan ne makara za ta fita. Zaure hanya ce kafin ya zama wurin zama, don haka daga ƙofa zuwa ƙofa a bar aƙalla mita guda ba komai a kai. Ga kuma ƙurar hunturu: daga Disamba zuwa Fabrairu kushin zai sha ta ya ƙoshi, kowa ya zauna sai ta tashi. Talabijin kuma fada yake tarawa. Samari za su kai sha biyun dare, matan gida su rasa hanyar shiga da fita.

Abin da za ka saya kaɗan ne. Manyan tabarmi biyu, in da hali na Madawa. Katifa siririya mai kaurin santimita 10, a yanka ta daidai faɗin dakali, a ɗinka mata riga mai zif da za a iya cirewa a wanke. Matasai huɗu. Kujeru biyu na ƙarfe masu saƙar igiyar roba, saboda tsofaffin da gwiwa ba ta barinsu su zauna ƙasa. Alkukin kuma kada ka toshe shi, ka kai masa waya cikin bututu ya zama wurin fitila da cajin salula.

Tambaya: Mun gina sabon gida na bulo. Sai da muka tare muka lura ƙofar waje da ta ciki suna kallon juna, mai wucewa a titi yana hango ni a madafa. Maigida ya rataya labule, iska na ɗage shi. Mene ne mafita? Daga wata uwargida, Sabon Gari.

Amsa: Hajiya, magininku ya yi kuskuren da ya fi yawa a ginin zamani. Maginan dauri ba sa sa ƙofofin zaure a layi ɗaya: in ta waje na tsakiya, ta ciki sai ta koma kusurwa ko bangon gefe, mai shiga ya karya kwana. A manyan gidaje ma bayan zaure akwai fili, sannan shigifa, kafin a kai tsakar gida. Wannan tsari shi ke sa umarnin neman izini da sallama da ke cikin Suratun Nur, aya ta 27, ya yi sauƙin bi, domin baƙo na iya tsayawa cikin inuwa ya yi sallama ba tare da idonsa ya faɗa inda bai kamata ba.

Hanya mafi araha ita ce guntun bango a bayan ƙofar ciki, ta ɓangaren tsakar gida. Tsayinsa mita 2, nisansa daga ƙofa mita 1 da santimita 20 don kaya su iya juyawa, kuma ya zarce faɗin ƙofar da santimita 50 ta kowane gefe. In bai zarce ba, wanda ya tsaya a karkace zai ci gaba da hangowa. Kafin a haƙa harsashi ku gwada da zana: ku kafa ta a wurin, wani ya fita titi ya yi tafiya daga wannan gefe zuwa wancan yana dubawa, a riƙa matsar da ita har gani ya yanke. Inda zanar ta tsaya nan bangon zai tsaya. Bangon da ke tsaye shi kaɗai yana son ginshiƙin kankare mai rodi a kowane ƙarshe, in ba haka ba iskar farkon damina za ta iya kayar da shi.

In akwai hali, a toshe ƙofar ciki a fasa wata a gefe, amma sai an zuba kankare mai rodi a samanta kafin a cire bulon da ke ƙasa.

Abu guda da mutane ba sa lura da shi: madubi. Yanzu an ɗauki al'adar kafa babban madubi a mashiga. In ya fuskanci ƙofar ciki a karkace, duk aikin da bangon ya yi ya rushe, mai tsayuwa a waje zai ga tsakar gida a cikinsa tar. A gwada shi da zanar nan ma kafin a buga ƙusa.

Tambaya: Shekara biyu da suka wuce na shafe zaurena na ƙasa da siminti, ciki da waje, na yi masa fentin mai. Bana shafen ya ɓamɓaro faifai-faifai, bangon da ke ƙasa kuma ya jiƙe ya yi laushi. Simintin ne ba shi da kyau? Daga wani magidanci, Tawa.

Amsa: Alhaji, simintin ba shi da laifi, wurin da aka sa shi ne ba nasa ba. Bangon ƙasa yana numfashi: ya sha danshi ya ɗan kumbura, ya bushe ya tsuke. Siminti ba ya bin sa a wannan motsi, sai su rabu, a samu rata a tsakani. Ruwa ya shiga ta ƴar tsaga ɗaya a sama, ya rasa hanyar fita saboda siminti da fentin mai sun toshe ta, sai ya zauna yana cin bangon a ɓoye. Ka ƙwanƙwasa abin da ya rage da bayan wuƙa. Duk inda ya yi amo kamar ganga ya riga ya saki, kuma gara ka sauke shi da hannunka da ya sauko wa yaro a ka.

Aikin na rani ne. Bayan ruwa ya ɗauke a ɓamɓare shafen duka, a bar bangon ya sha iska mako biyu zuwa uku. Kafin a taɓa yaɓe a fara da sama: indararo ya fito daga bango aƙalla santimita 50, a liƙe bakinsa da kyau, a gyara rawanin ginin. Yawancin bangon da ya mutu daga indararo ciwonsa ya faro. Sannan gindi. Ƙasar Adar, yankinmu na Tawa, ba ta rasa dutse ba, a jera shi a gindin bangon ta waje zuwa tsayin santimita 40 ko 50, a nan kam siminti ya halatta, a kuma cika ƙasa ta gangara daga bango zuwa titi don ruwa ya daina kwanciya.

Yaɓen kansa kada a kwaɓa shi da ka, domin ƙasar kowace unguwa da halinta. A yi gwaji uku a jikin bangon, kowanne faɗin faifai: bokitin ƙasa ɗaya da na yashi ɗaya, ɗaya da biyu, ɗaya da uku. A bar su kwana biyu. Wanda ya tsattsage yumɓu ya yi masa yawa, wanda ke zuba in an goga hannu yashi ya yi masa yawa, wanda ya tsira daga biyun shi ne awonka. A zuba masa yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi da kashin shanu, a jiƙa, a rufe ya kwana uku zuwa bakwai ana tattakawa, har ya yi danƙo. A yayyafa wa bango ruwa, a yi shafe na farko kaurin santimita 2, a karce shi, ya bushe, sannan na biyu rabin santimita. Mutanen dauri kan ƙarasa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorowa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina. Ɗorowa ba ta yawaita a nan, daga kudu ake kawo ta, amma ruwan bagaruwa na hannunmu yana taimakawa. Bangon gabas shi ya fi shan duka, domin daga can hadari ke tasowa, don haka shi za ka riƙa dubawa kowace shekara kafin damina.

A ciki, farar ƙasa da aka jiƙa da ɗan ƙaro ta isa, ko kuma farar ƙasar kanti ta shafe, awo ɗaya a ruwa awo uku, tsararo kamar madara, shafe uku, kwana ɗaya tsakanin kowanne. Mai kauri shi ke ɓarewa. A kiyaye ido da hannu, tana ƙuna.

Ga masu ganin ginin ƙasa ya zama na jiya: masallacin Yama da ke cikin jihar nan ta Tawa, wanda Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya karɓi kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, kuma da ƙasa aka yi shi. Simintin Malbaza ka ajiye shi don daɓe da dakali da bangon bulo.

Tambaya: Zaurena rufin kwano ne. Daga Afrilu ba mai iya zama a ciki bayan hantsi, fanka ma iska mai zafi take hurowa. Daga wani tela, kusa da babbar kasuwa.

Amsa: Fanka ba ta sanyaya iska, juya ta kawai take yi, kuma a ƙarƙashin kwano tsirara zafin saman take turo maka. Ita ce ta ƙarshe a jeri. Zauren da yana da sanyi ne saboda bango mai kauri da rufin ƙasa a kan azara, wato tsagaggen itacen giginya, zafin rana ba ya ratsa su sai yamma ta yi. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kamar mita 2, dalilin da ya sa magina ke ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, ko su tsayar da ginshiƙi. Yau giginya ta yi nisa, sai wajajen Gaya, kuma yankanta na ƙarƙashin doka, shi ya sa kowa ya koma kwano.

Ka fara da huda. Ramuka biyu ko uku a kowane ɗaya daga bango biyu masu fuskantar juna, kowanne santimita 20 a kan 20, can sama dab da rufi inda ido ba ya kaiwa, a sa musu raga saboda jemage da sauro. Iska mai zafi sama take taruwa, ba ta da mafita ne kawai. Na biyu filafon, wato silin, da ratar santimita 40 zuwa 50 tsakaninsa da kwano, ita ma ratar a huda mata ramukanta. Filafon da aka rufe ruf tanda ce aka ɗora maka a ka. In katako ya yi tsada, zana ko jeren kara na aiki, da sharaɗin duk wayar lantarki ta bi cikin bututu. Na uku ka wanke kwanon ka shafa masa farin fenti ta waje. Na huɗu rumfa a bakin ƙofa, ko bishiyar dogon yaro, amma mita 4 zuwa 5 daga bango saboda saiwa. Bayan wannan ka rataya fanka, fikafikanta su kai mita 2 da santimita 30 daga ƙasa. In rufin bai kai ba, ka sayi ta bango.

Tunda ɗinki kake yi a ciki, ƙwan fitila ɗaya a tsakiya zai riƙa jefa inuwar kanka a kan allura. Ka sa na biyu a bango, gefen hagunka. Makunni kuma ya zama biyu, ɗaya a kowace ƙofa.

Tambaya: Karo (tayil), siminti ko daɓen gargajiya, wanne ya fi dacewa da ƙasan zaure? Kuma zan iya manna kafet? Daga wata malamar makaranta, Tawa.

Amsa: Malama, kafet ɗin mannawa a cire shi daga lissafi tun yanzu. Yana riƙe yashi, ba ya fita a kakkaɓe shi, kuma gefensa da ya ɗago maɓoyar kunama ce. Abin shimfiɗa a zaure ya zama wanda za a naɗe da dare a jingine a tsaye. Tabarmar kaba da ta kwana a ƙasa mako guda ba a ɗaga ba, gara ta same ta.

Daɓen gargajiya, tsakuwa da jar ƙasa da aka buge da madaɓi ana yayyafa ruwan makuba ko na bagaruwa, ya fi kowanne daɗin taku da sanyi, kuma shi ya dace da zauren ƙasa domin yana barin danshi ya fita. Aibinsa ƙafar kujerar ƙarfe da babur na farfasa shi.

Siminti shi ne na tsakiya. Zaure mai mita 3 a kan 4, kankare mai kaurin santimita 8, zai ci buhu 6 na kilo 50, a awon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A daddaɓe ƙasan sosai kafin a zuba, a kuma shayar da shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Daɓen da ke tashi kamar gari bayan wata uku, ƙishirwa ce ta kashe shi a makon farko.

In karo kike so, wannan faɗin zai ci guda 75 na santimita 40 a kan 40. Ki sayi 83 saboda yanka da fashewa, kuma duk a rana ɗaya, domin launin kwali na gaba kan bambanta. Kada ki ɗauki mai ƙyalli. Ki ɗiga ruwa a kai a shagon ki murza da yatsa: in ya zame, haka zai zame da ƙafar tsohon da ya gama alwala. Ki tsaya a kan mai aikin ya baza kwaɓin a duk bayan karon, ba ɗigo huɗu a kusurwa ba, domin na ɗigo shi ke yin ƙwal-ƙwal ya fashe.

Ko wanne aka zaɓa, ƙasan ya fi titi tsayi da santimita 30 ko fiye, ya kuma gangara santimita 1 a kowace mita zuwa ƙofar waje. Titi na tashi a hankali saboda cikon da maƙwabta ke yi, zauren da aka gina daidai da shi bana, bayan ƴan shekaru kwari ne.

Tambaya: Ina son ajiye randa a zaure don baƙi da masu wucewa, amma bangon da ke bayanta ya fara jiƙewa. Daga wata dattijuwa.

Amsa: Allah ya ba da lada, Inna. Randa da zufarta take sanyaya ruwa, don haka tsatsar ba ciwo ba ce, kada a shafa mata fenti ko siminti. A janye ta santimita 30 daga bango, a ɗora ta a kan mazaunin ƙarfe da ƙaramin kwano a ƙarƙashi, a riƙa zubar da abin da ya taru kullum saboda sauro. A sa ta inda iska ke ratsawa. Murfi ya zauna daram, moda ta ɗiba ta zama mai dogon hannu da ba a kai ta baki, kofin sha daban. A juye a wanke duk kwana biyu ko uku.

Tambaya: Da dare nakan shigar da babur zaure, a nan kuma muke dafa shayi lokacin sanyi. Akwai matsala? Daga wani ɗan kabu-kabu.

Amsa: Akwai, har biyu. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, kuma mangal, murhun gawayin da ake dafa shayi, a ƙasa yake. Babur da garwashi kada su haɗu a ɗaki ɗaya, kwalaben fetur kuma kada su kwana a zaure ko kaɗan, domin ita ce ƙofa ɗaya tilo da mutanen gida za su bi in wuta ta tashi. Ta biyu ta fi ɓoyuwa: gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya farkawa ya gudu. A hura a waje, a dafa ƙofa a buɗe, a fitar da mangal kafin kowa ya kwanta. Baburin ka yi masa ƴar rumfa daga ciki, ka zuba gangaren siminti mai faɗin santimita 30 a gefe ɗaya na dokin ƙofa, don tayar ta daina gutsurar bakinsa.

Tambaya: Aiki ya kai ni Yamai, ina haya ciki da salo, ƙofa na buɗewa kai tsaye cikin ɗaki. Ba zaure, ba izinin gini. Yaya zan karɓi baƙi maza iyalina na ciki? Daga wani ɗan Tawa mazaunin Yamai.

Amsa: Ka yi zauren da za ka iya ɗauka ranar tashi. Ka je kasuwar Katako wurin mai walda ya haɗa maka shinge mai fuska uku da ke naɗewa, kowace fuska santimita 60 a faɗi, mita 1 da santimita 80 a tsayi, a ɗaura masa tabarma ko yadi mai kauri. Ka tsayar da shi kamar mita 1 da rabi daga ƙofa, a karkace, yadda zai tare ƙofar ɗakin kwana. Labulen ƙofar ciki a ɗinka masa sarƙa siririya ko ƴan duwatsu a lafin ƙasa, iska ba za ta ɗage shi ba. A gefen da ƙofa ba ta bugawa ka sa kantar takalma mai hawa uku, zurfin santimita 30, ƙasanta a ɗage yadda tsintsiya za ta shiga. In za ka rataya allon ayoyi, ya koma wani bangon, ba saman takalma ba.

In akwai baranda, can ne ainihin zaurenka: tabarma ɗaya, kujeru biyu, buta, da asabari da za ka saki ta ɓangaren maƙwabta. Ka rataye asabarin da ƙugiya a jikin ƙarfen rufi maimakon ƙusa a bango, don kada mai gida ya cire maka kuɗin gyara ranar da za ka mayar da makulli.